Yadda ake yin teburin wasan dara da draf na gida, da yadda ake zama da shi

Duk wanda ya taɓa shimfiɗa allon Scrabble ko na ces (chess) a teburin cin abinci ya san inda ake tsayawa. Wasa ya yi daɗi, an kai tsakiya, sai a ce a kwashe za a kawo tuwo. Ko kuma a kira Magariba, a tafi masallaci, a dawo a tarar ƙaramin yaro ya watsa 'ya'yan wasan ƙarƙashin kujera. Wannan ce matsalar da teburin wasa yake magancewa. Tebur ne mai rami a tsakiya, ana wasa a cikin ramin, idan lokacin tashi ya yi a rufe da murfi, ya koma tebur kamar kowane, wasan yana kwance a ciki har gobe.

A Amurka da Turai sana'a ce mai zaman kanta. A shekarar 2020 wani kamfanin Amurka mai suna Wyrmwood ya tara sama da dala miliyan 8 daga masu biyan kuɗi tun kafin a ƙera musu irin wannan tebur. Mu ba ma bukatar a yi mana dakonsa daga ƙetare, kafintan unguwa zai iya, in dai ka je masa da awo daidai. Namu kafinta ne ya yi shi a nan Kano, kuma yawancin abin da zan faɗa daga zama da teburin na koya.

Fara da magana da mutanen gida

Kafin ka taɓa tef ɗin awo, zauna da uwargida. Tebur mai ƙafa shida ba ƙaramin baƙo ba ne a falo, kuma ita ce za ta riƙa kewaya shi kullum. Tambayar da za ku warware ita ce: su wa za su zauna a kansa? In abokanka ne 'yan draf da za su riƙa zuwa bayan Isha'i, wurinsa zaure ne ko falon baƙi, inda shigarsu ba za ta takura wa matan gida ba. In kuwa don iyali ne, kai da ita da yara, to falon ciki ko baranda. Kada ka ce tebur ɗaya zai yi duka biyun alhali gidanka bai ba da wannan dama ba, ƙarshenta ko dai abokai su daina zuwa, ko iyali su bar maka shi.

Sannan ku amince da aikinsa na biyu. Zai zama teburin cin abinci ne, ko na aikin makarantar yara? Teburin da ba shi da wani aiki sai wasa, shi ne ake fara jingine wa a bango idan biki ya taso, daga nan kuma ba ya dawowa.

Auna wasannin da kuke yi, ba waɗanda kuke sha'awa ba

Kwaso duk abin da ake bugawa a gidan ka shimfiɗa a ƙasa. Allon draf ɗinmu mai gida 100 ne, goma a tsaye goma a kwance, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 20, kuma da wuya ya wuce inci 20 kowane ɓangare. Ces gida 64 ne, na gasa kowane gida santimita 5 zuwa 6, wato shi ma wajen inci 20 in an haɗa da gefensa. Monopoly kusan haka yake, sai dai yana cin wuri a gefe saboda kuɗin takarda da katunan filaye. Lido mai gilashi ya fi su faɗi wani lokaci, don haka auna naka. Scrabble gida 15 ne sau 15, amma in allonku mai juyawa ne, kusurwa zuwa kusurwa za ka auna, don kada ya riƙa bugun bangon ramin idan an juya shi. Whot ba ta da allo, wurin ajiye kati kawai take so.

Abin da wannan awo zai nuna maka shi ne yawancin wasanninmu ba sa bukatar ƙaton tebur. Ga mutum huɗu, rami mai ƙafa 3 sau ƙafa 3 ya wadatar. Ga mutum shida, ƙafa 3 sau ƙafa 5. Kada faɗin ramin ya wuce ƙafa 3 sai da dalili mai ƙarfi, domin hannun babban mutum a zaune bai cika kaiwa fiye da ƙafa biyu da 'yan kai ba, balle na yaro. Idan sai an miƙe tsaye kafin a tura ɗan wasa, tebur ya yi yawa.

Gwada shi a ɗakin kafin a yanka katako

Wannan matakin kyauta ne, kuma shi ake yawan tsallakewa. Rami mai ƙafa 3 sau 5, idan aka ƙara masa baki mai inci 5 a kowane gefe, ya zama inci 46 sau inci 70. Yanki kwali ko ka jera tsofaffin jaridu daidai wannan girma a inda kake son ajiye teburin, ka kewaye shi da kujeru, ka bar shi kwana uku. Kowane mai zama yana bukatar faɗin ƙafa 2, sannan daga bakin tebur zuwa bango a bar ƙafa 3 don a iya jan kujera a tashi. Duba ko ƙofa na buɗuwa har ƙarshe, ko mai ɗauke da tire zai wuce, ko wurin shimfiɗa sallaya ya rage. In abin ya matse, rage tsawo tun yanzu.

Auna ƙofar da za a shigo da shi ma. Ƙofofin ɗaki da yawa ba su wuce ƙafa biyu da rabi zuwa uku ba, saboda haka a gicciye zai shiga, kuma ƙafafunsa su zama na ɗaurawa da noti, waɗanda za a iya kwancewa. Mai zaman gidan haya ya riƙe wannan da kyau.

Tsayi: nan ne lissafin yake

Akwai zaɓi biyu, kuma ina ganin mutane da yawa za su fi jin daɗin na biyun in da sun yi tunaninsa. Na farko tebur mai kujeru. Na biyu gajeren tebur, inci 14 zuwa 16, wanda ake zama a kafet ko tabarma a kewaye shi. In a ƙasa kuke cin abinci, a ƙasa kuke hira, gajeren ya fi dacewa da gidanku: ba sayen kujeru, ba ya cika ɗaki a ido, yara suna kaiwa, kuma da murfinsa ya zama teburin tsakiyar falo. Aibinsa kawai dattijo mai ciwon gwiwa ba zai jure dogon zama ba.

In mai kujeru ka zaɓa, ga lissafin da za ka tsaya a kansa da kafinta. Tsayin teburin cin abinci inci 30 ne, mazaunin kujera inci 18. Cinyar mutum tana son aƙalla inci 7 tsakanin kujera da ƙasan tebur, wato ƙasan teburin kada ya sauko ƙasa da inci 25. Saura inci 5 ke nan, kuma a cikinsu murfi zai ci kashi uku cikin huɗu na inci, ƙasan ramin ya ci kamar haka, zurfin ramin ya samu inci 3. Ka ga rabin inci kawai ya rage. Kafinta zai so ya sa katakon ƙarfafawa mai faɗi a ƙasa kamar yadda ya saba a teburin cin abinci. Kada ka yarda, bangon ramin shi kansa ya isa ya riƙe teburin. In aka ƙara wani katako a ƙasa, gwiwa ba za ta shiga ba, sai a ƙare da zama nesa da tebur ana miƙa wuya.

Zurfin inci 3 ya ɗauki draf, lido, Scrabble da Monopoly a rufe. Sarkin ces na gasa ya kusa inci 4, don haka in ces ne babban wasanku, ko dai ku nemi ƙananan 'ya'ya, ko a ɗaga teburin zuwa inci 31 a ƙara zurfin. Fiye da inci 4 kuwa wahala ce, bakin tebur zai riƙa tare maka ganin layin da ke kusa da kai.

Bakin nan mai inci 5 kada a rage shi. A kansa ake ɗora gwiwar hannu, a kansa ake jera haruffan Scrabble da kati. A sa kafinta ya goge kaifinsa da sanfefa ya yi santsi, don awa biyu hannu na kansa.

Katako

Je kasuwa da kafintan, kada ka aike shi shi kaɗai. A Kano akwai 'Yan Katako na Na'ibawa, a Abuja akwai Dei-Dei, a Yamai akwai kasuwar Katako. Don ƙafafu da baki, nemi katako mai ƙarfi irin su maɗaci ko iroko, waɗanda gara ba ta cika damunsu ba. Obeche, farin katakon nan mara nauyi, yana da araha da sauƙin aiki, amma yana lotsawa ko da makulli aka buga masa, kuma ƙwari suna sonsa. Don ƙasan ramin da murfi, filawud mai kaurin milimita 18 ya fi katako zalla, saboda ba ya kumbura da tsukewa kamarsa. Falle ɗaya ƙafa 4 sau 8 ne, biyu sun ishe ka. MDF kuwa, wanda ake yin yawancin kayan ɗakin amare da shi yanzu, ka guje shi a wannan aiki. Da zarar ruwa ya shiga ta gefensa sai ya kumbura ya yi burtsi, kuma ba ya komawa.

Babban abin dubawa shi ne bushewa. Yawancin katakon da ke kasuwanninmu daga kudu ake kawo shi, inda iska ke da laima, wani ma ɗanye ne. In aka yi tebur da shi nan take, hunturu na zuwa zai tsage ko ya karkace. Ɗanyen katako yana da nauyi fiye da kima, kuma yana da sanyi a tafin hannu. Ko mai sayarwa ya ce busasshe ne, a jera shi a inuwa, da ƙananan sanduna tsakanin falle da falle don iska ta ratsa, ya yi 'yan makonni. Kada a shanya a rana, wannan ke fasa shi.

Murfinmu na farko a watan Janairu aka yi shi, da katako zalla, aka yanka shi cif-cif har muna yaba aikin. Da damina ta kankama a Agusta ya kumbura ya cije, sai da aka sa abu aka ɓamɓare shi, gefen ya ɓare. Darasin shi ne a bar ɗan sarari, milimita 2 zuwa 3, tsakanin murfi da bangon rami, musamman in a lokacin rani ake aikin.

Murfi

A raba shi uku, kowane falle wajen inci 20, nauyinsa kusan kilo 5, yadda mace ko babban yaro zai iya ɗagawa shi kaɗai. Murfi guda ɗaya mai ƙafa 5 sai mutum biyu, kuma abin da sai an nemi mataimaki kafin a buɗe, a hankali ake daina buɗe shi. A yi wa bangon ramin ɗan tudu mai rabin inci a ciki inda fallayen za su zauna, su daidaita da bakin tebur. A falle na ƙarshe a yi ɗan gurbin sa yatsa.

Inda fallaye biyu suka haɗu nan ne zoɓo ke bi ya sauka kan wasa. A yanka gefunan yadda ɗaya zai hau kan ɗaya, ba a haɗa su baki da baki kawai ba. Duk da haka, in ana cin abinci a kai, a shimfiɗa ledar tebur. Ba haɗin katakon da ke hana kofi guda na ruwa wucewa gaba ɗaya.

Ga abin da na fi so a namu. Bayan kowane falle fili ne da ke zaman banza. A bayan ɗaya mun sa mai fenti ya zana allon draf, gida goma sau goma, kowane gida inci ɗaya da kashi uku cikin huɗu. A bayan na biyu kafinta ya fafe gidajen dara guda 30, layi biyar na gida shida-shida, ba su yi zurfin da za su huda fallen ba. Kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, mu da ƙwallon dabino da ƙananan duwatsu muke yi. Darar da kakanninmu ke tona wa gidaje a yashi ƙarƙashin bishiya, yaran birni da yawa ba su taɓa ganin an buga ta ba. Yanzu juya falle kawai ake yi. Mahaifina in ya zo, ba ya kallon Scrabble ko lido, wannan fallen yake cewa a juyo masa, ya zaunar da jikokinsa yana nuna musu yadda ake jera uku a ci na abokin wasa.

Tanadi inda za a jingina fallayen in an buɗe. Bayan kujera ko jikin bango, a tsaye, ba inda yaro zai jawo su kansa ba.

Shimfiɗar cikin rami

Kati ba ya ɗaukuwa a kan katako mai santsi, kuma 'yan draf ba sa ajiye ɗa a hankali, bugawa suke yi, ƙarar ta kai ɗakin barci. Saboda haka a sa yadi. Amma kada a manne shi a ƙasan ramin da gam. A yanko siririn filawud daidai ramin, a ɗora masa soso mara kauri, a ja yadin a kai, a naɗe ta baya. Masu ɗinkin kujerun mota sun iya wannan. Ranar da ya yi datti ko ya yage, ɗaga shi za ka yi a sake wani, ba tare da an taɓa teburin ba.

Yadin teburin sunuka ya yi, haka yadin kushin mara gashi. Karammiski yana da kyau a ido amma yana riƙe ƙura, kuma kati ba ya sulɓi a kansa. Launi kore mai duhu ko shuɗi. Baƙi yana nuna ƙurar hunturu tun a rana ta farko.

Ramukan ajiye kofi a bakin tebur, da fitilu masu launi, da wurin cajin waya, duk za ka gan su a hotunan intanet. Ban ba ka shawarar ko ɗaya ba. Kofi ya zauna a 'yar kujera a gefe, nesa da yadin. Aljihun tebur ɗaya a ƙarshen tebur, mai makulli, ya fi su duka amfani, amma a gefen da ba a zama, don kada ya ci wurin gwiwa.

Da kafinta

Zana teburin a takarda da duk awon nan, ka riƙe kwafi. Nuna masa hoto, domin da yawa ba su taɓa yin irinsa ba, kuma in ba ka bayyana ba zai ɗauka teburin sunuka kake nufi. Ji farashi daga mutum uku. Ba da kuɗin kayan aiki, ka riƙe wani kaso na ladan hannu sai an kawo. Kauce wa lokacin da bukukuwa suka yi yawa, kamar gab da azumi da bayan Sallah, lokacin gadaje da durowar amare sun cika shago, naka zai koma ƙarshen layi.

Ka je ka gani kafin a shafa banish. Tafi da kujerar da za ka riƙa zama a kai, ka zauna, ka tura gwiwa, ka jijjiga teburin, ka ɗaga murfi ka mayar. Gyara a wannan lokacin aikin rabin awa ne. A shafa maganin gara a ƙasa da ƙafafu, banish kuma mara ƙyalli sosai, a shafa wa fallayen murfi gaba da baya, in ba haka ba gefe ɗaya zai sha laima fiye da ɗayan ya lanƙwashe. Bar shi a baranda ya sha iska har warin ya fita kafin ya shiga ɗaki.

Zama da shi

Haske daga sama yake so, daidai tsakiyar tebur. In ƙwan yana bayan mai wasa, inuwarsa da ta bakin ramin za su rufe allon. Buga ƙugiya a silin don rataye fitila mai caji, saboda ɗaukewar wuta. Fankar sama kuma tana kwashe katin Whot da kuɗin Monopoly. Ramin yana rage wannan amma ba ya hanawa, don haka kada teburin ya zauna daidai ƙarƙashinta.

Babban abokin gabar tebur mai murfi shi ne tarkace. Makulli, jakar makaranta, kayan guga, cajar waya, cikin mako ɗaya sun hau kai, buɗewa ta zama aiki. Mu ranar wasa muka tsayar, daren Juma'a da na Asabar, kuma yara ne ke da alhakin share saman tebur kafin Isha'i. Tun da babbar 'yata ta ji cewa ɗan Najeriya, Wellington Jighere, shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci gasar Scrabble ta duniya, a Ostareliya a 2015, ita ke fara ɗaga murfin.

Dokokin gidanmu kaɗan ne, amma ba a sassauta su. In an kira salla a rufe murfi, ba "bari in gama wannan", tunda wasan ba inda zai je. Ba a ɗora ko naira ɗaya a kan wasa, ko da sunan raha, domin caca daga ƙaramin abu take farawa. Ba a taɓa kati da hannun da ya ci tsire ko ƙosai. Ba a hawa kan murfi, ba a zama a kansa. Game da lido da sauran wasannin da ake jefa ɗan lido, malamai suna da magana mai nauyi a kansu, kuma ya kamata mai gida ya tambayi malamin da ya yarda da shi kafin ya yanke abin da zai shigo gidansa.

In akwai mai rarrafe a gidan, ƙirga 'ya'yan wasa duk lokacin da aka tashi. Harafin Scrabble da ɗan lido daidai maƙogwaron jariri suke. Waɗanda ba a cikin rami suke ba, sai su shiga aljihun nan mai makulli.

Kulawa kuma tana bin yanayin shekara. Da hunturu a share yadin da busasshen burushi mai laushi, a goge katako da tsumma mai ɗan danshi, sannan a ƙara ɗaure notin ƙafafu, domin katako ya tsuke sun yi sako-sako. Da damina a buɗe murfi sau ɗaya a mako ko ba za a yi wasa ba, don ramin da ke rufe yana tara laima, yadi ya yi fumfuna, kwalayen wasa su yi laushi. A sa wa ƙafafu 'yan robobi a ƙasa saboda ruwan goge daɓe, a janye teburin daga tagar da rana ke faɗowa kansa. Lokaci-lokaci ka leƙa ƙarƙashinsa da tocila: in ka ga garin katako ya zubo a ƙasa ko siririn layin ƙasa yana hawa ƙafa, ƙwaro ne ko gara, a fitar da shi waje a shafa magani a ranar.